Jinginar Jemima

Jemima 'yar Shago tana zaune a Unguwar Maje, ƙauyenmu da ke arewa da Minjibir, inda gona take manne da gona, ba a gane iyaka sai da layin gamba. Manomiya ce. Tana shuka gero da dawa da gyaɗa, tana da awaki biyar, tana yin daddawa ta kai kasuwa. Bana ta cika shekara hamsin da takwas. Wanda ya gan ta a hanya da ƙwarya a ka ba zai ga abin da za a rubuta a kanta ba. Ni na koyar da ita a aji ɗaya, akwai kuma wata kalma guda da na koya mata ba daidai ba. Tarihinta ba ya faɗuwa sai da wannan kalma.

A watan Satumba na 1976 gwamnati ta buɗe makarantun firamare na kyauta, aka ce kowane yaro ya shiga. Tamu aji biyu ce ta ginin ƙasa da rufin kwano. Hedimastanmu Malam Muhammadu Sani ne, mutumin birni, yana zuwa a kan keke. Ni ne mataimakinsa, ina da shekara ashirin da biyu, na gama aji bakwai a makarantar mishan, na ƙara da horon wata shida. Yara tamanin da uku muka rubuta, 'ya'yan Musulmi da 'ya'yan Kirista da 'ya'yan masu bin al'adar kakanni, kusan duk ba takalmi.

Ba mu yi wata guda ba takarda ta zo daga ofishin ilmi. Ta ce kowace safiya yara su yi layi a gaban tutar ƙasa, su ɗaga hannun dama, su faɗi wasu layuka shida na Turanci na biyayya ga ƙasa. Muka sari doguwar gora muka kafa a tsakar fili, muka ɗaura tuta, kore da fari da kore. Na rubuta layukan a allo, ina faɗa suna maimaitawa. Bakinsu bai iya kalmomin farko ba, wato "I pledge", sai suka mai da su "Aifileji", har abin gaba ɗaya ya ɗauki wannan suna. In an buga ƙarfe da safe sai ka ji suna cewa a yi sauri za a yi Aifileji.

Jemima tana da shekara tara, ita ce mafi gajarta a layin 'yan mata, ita ce kuma mafi ƙarfin murya. Wata rana bayan an gama ta ƙi sauke hannunta.

"Malam, mene ne fileji da Hausa?"

Hedimasta ya dube ni. "Malam Mika, kai ne ɗan mishan. Turancinka ya fi nawa."

Ban san kalmar ba, ban kuma so yara su gane ban sani ba. Na ce su jira. Na shiga aji na buɗe wani tsohon ƙamus da wata Baturiyar mishan ta bar mini. Na sami kalmar, na ga an rubuta "jingina" a gabanta. Ban karanta layi na biyu ba. Na rufe littafin na fito da kafaɗa a sama, na ce musu ma'anarta ita ce sun jinginar da kansu ga ƙasarsu.

Babu yaron da ya nemi ƙarin bayani, domin babu gidan da bai san jingina ba. A ƙasa mai matsi irin tamu ba a son sayar da gona. In shekara ta yi tsanani, mutum yakan ba wani gonarsa ya riƙe, ya karɓi abin da zai fitar da shi. Mai riƙon zai noma ya ci, amma ba zai sayar ba, ba zai sare itacen da ke ciki ba. Ranar da mai gona ya dawo da abin da ya karɓa, ko shi ko jikansa, gona ta koma gida.

Kwana biyu bayan haka Shago, uban Jemima, ya zo makaranta da fartanya a kafaɗa. Shi bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba. A tsakar gidansa akwai jigo, wato itacen da ake kafawa ana yi wa iskokin gida yanka a gindinsa. Ya zagaya gorar tuta sau ɗaya, ya kira ni da sunan ubana.

"Mika ɗan Ranau, an ce kun kafa jigo."

"Ba jigo ba ne, Baba. Sandar tuta ce."

"Itace ne a tsaye?"

"Itace ne."

"An ɗaura masa ƙyalle?"

"An ɗaura."

"Ana taruwa a gabansa da safe ana yi masa magana?"

Bai jira amsata ba.

"To da me nawa ya bambanta? Sai dai ni ina ba nawa jan zakara, ku kuna barin naku da yunwa."

Hedimasta ya juya baya yana dariya a cikin hularsa. Amma Shago ba raha ce ta kawo shi ba. Ya ajiye fartanya ya ce abin da yake son ji ɗaya ne. In rantsuwa ake sa yara, ko alkawarin da ake ɗaure kai da shi a gaban itace, yau zai tafi da 'yarsa. A gidansu ba a wasa da wannan, wanda ya ɗauka ya saɓa ba ya ganin kaka.

Na ce, "Ba rantsuwa ba ce, Baba. Jingina ce."

"Jingina ai da abin da ake karɓa. Me ƙasar ta ba ku?"

"Karatu. Ba a biyan ko kwabo."

"Yaushe ake fansa?"

"Ba su sa rana ba."

Ya yi ɗan tunani. "Jinginar kirki dama ba ta da rana. To da sauƙi. Da sayarwa ce ban yarda ba. Su more ta, amma su sani tawa ce." Ya ɗauki fartanyarsa ya tafi. Maganarsa ta zagaya unguwa, magidanta huɗu da suka riga suka janye yaransu suka maido su.

Bayan mako uku ina neman wata kalma dabam sai idona ya sake faɗawa kan wannan shafi. A layi na biyu, ƙarƙashin jingina, an rubuta "alkawari". Ita ce ma'anar da ake nufi. Na kai wa hedimasta littafin da yatsana a kan wurin. Ya karanta, ya rufe, ya miƙo mini.

"Malam Mika, ka gyara gobe, jibi rabin aji ya watse. Ni ma kullum nawa mutanen suna tare ni a masallaci suna tambaya ko sujada muke sa yara su yi wa ƙyalle. Ka bar shi. Kuskuren da ya cika aji ya fi gyaran da zai kwashe shi."

Na bar shi. Ba zan ɗora wa marigayi Malam Muhammadu Sani laifi ba, domin ni ma abin da nake son ji ke nan.

Daga aji biyu Jemima ce mai ɗaga tuta. Ba mu zaɓe ta ba, ita ta riƙa riga kowa zuwa har aikin ya zama nata. Na tuna yadda take naɗe ta, ta danne da haɓa don kada gefe ya taɓa ƙasa. In hadari ya taso muna cikin darasi, ba ta neman izini, sai dai mu hango ta a fili tana jan igiya. Da iska ta yage bakin tutar, ta zo da allura da zaren uwarta ta ɗinke. Koren ya koɗe har ya koma launin busasshiyar kuka, shekara huɗu ba a aiko da sabuwa ba, amma ba ta taɓa yarda a ɗaga ta da datti ba. Wani yaro ya taɓa tsokanarta ya ce matar tuta. Ta ce masa, "Gara ni, mijina ba ya fashin zuwa makaranta."

Ta gama aji shida a 1982, ta ci jarrabawar shiga sakandare. Shago ya ce abin da aka karɓa ya isa, kada ya yi yawan da ba za a iya mayarwa ba. Ta zauna a gida. Ta yi baftisma da yardarsa, a 1987 ta auri Nomau, manomi daga unguwar da ke gabas da mu. Ɗansu na fari Levi an haife shi a 1989, mata uku suka biyo baya. Nomau ya rasu a 2006 bayan gajeriyar jinya. Ita ta riƙe gonar, ita ta kai Levi har ƙarshen sakandare da daddawa da awaki.

Levi ya yi firamare a makarantarmu, lokacin ni ne hedimasta. A zamaninsa na daina fassara wa yara layukan, suna faɗa kawai. Amma in na wuce ta bayan dangarsu da yamma nakan ji su biyu suna yi tare, ita tana daka, tana buga taɓarya a kan kowane layi, shi yana gyara mata lafazi tana ce masa ita ta riga shi iyawa da shekara ashirin.

Abin da ya kai shi soja ba wani abin ɓoye ba ne. Gonar kakansa an raba ta tsakanin 'ya'ya biyar, rabon Nomau mutum ɗaya yakan nome shi a kwana biyu. Babu dajin da za a sara a ƙasarmu, ko'ina gonar wani ce. Ya yi shekara uku yana neman aiki a birni, a 2011 aka ɗauke shi soja.

Ina tashar Minjibir ranar da zai tafi. Jemima ba ta kiran sunansa, kamar yadda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, sai dai ta ce "yaron nan". Ta kawo masa ƙullin daddawa da soyayyar gyaɗa, ta tsaya gefe tana gyara ɗaurin ƙullin da ba ya bukatar gyara. Ya ga fuskarta, sai ya sunkuyo.

"Inna, ba ke kika ce jingina ce ba? Su more ni 'yan shekaru su maido miki."

"To ka gaya musu kada su sare mini ko reshe ɗaya."

"Zan gaya wa babbansu da kaina."

"Ka kuma rage surutu. Soja ba ya surutu."

Aka yi dariya, mota ta tashi. Ni ban yi dariya sosai ba.

An kai shi arewa maso gabas, inda ake yaƙi. Yakan kira ta ran Lahadi da rana. A watan Fabrairu na 2015 ya sami hutu ya zo aka ɗaura aurensa da Dorathy, 'yar wani mai wa'azi daga wajen Tofa, yarinya mai shekara ashirin da ɗaya. Kwana goma sha tara suka yi tare ya koma. Ya bar ta a ɗakin da ya gina a gidan uwarsa.

A watan Nuwamba na wannan shekara wayarsa ta daina shiga. A Janairu takarda ta zo, aka kawo mini na karanta. Ta ce an kai hari sansaninsu, an nemi Levi ba a gan shi ba, ba cikin masu rai ba, ba cikin waɗanda aka binne ba. Na karanta da Turanci, na fassara kalma bayan kalma, wannan karon har ƙarshen shafi. Bayan wata biyu wani soja mai suna Kamilu, abokin aikinsa, ya zo yana ɗingishi. Ya zauna a tabarma ya faɗi abin da ya gani. An far musu da asuba, aka watse. Ganinsa na ƙarshe da Levi, yana goye da wani da aka harba, ya nufi wani kwari. Bayan haka bai sani ba. Ya ce ba zai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da idonsa ya gani ba.

Jemima ta yi masa godiya, ta dafa masa abinci. Da mata suka fara shigowa da mayafi a ka don gaisuwa, ta tare su a bakin ƙofa.

"Wa ya mutu?"

Suka dubi juna.

"In hira kuka zo ku shigo. In gaisuwar mutuwa ce kun ɓata gida."

Fasto ya so a yi addu'ar rasuwa a coci, ta ce a yi addu'ar matafiyi. Haka aka yi. Kada mai karatu ya ɗauka hankalinta ya taɓu. Noma ba ta fasa ba, kasuwa ba ta fasa ba, ta aurar da 'ya'yanta mata biyu a cikin waɗannan shekaru, ba wanda ya taɓa jin ta yi magana ba kan hanya. Abu ɗaya ne ta kafe a kai. Abin da aka jinginar ba a cinye shi ba, yana hannun mai riƙo, mai shi kuma yana da ikon zuwa ya fansa.

A damina ta 2017, bayan noman farko, ta zo gidana da sabon zane ta ce in raka ta birni, barikin soja, domin ba ta son Turanci ya tsaya mata a hanya. Na tambaye ta abin da za mu ce. Ta ce in mun je zan ji. Muka hau mota, tana rungume da wata leda a ƙirji.

Mun jira daga safe har azahar kafin aka shigar da mu wurin wani hafsa, mutum mai furfura a gefen kai. Bahaushe ne, ba a ma bukaci ni ba. Ya ba mu kujera, ya sa aka kawo ruwa. Ya nemo takardun Levi, ya gaya mata abin da muka riga muka sani, a hankali, ba tare da ya ɓoye komai ba. Ta saurara har ya gama. Sannan ta kwance ledar ta fito da takardu uku ta jera a kan teburinsa. Satifiket ɗinta na firamare ne, da na Levi na firamare, da nasa na sakandare.

"Ranka ya daɗe, ga abin da muka karɓa. Ni da shi. Ban taɓa komai a ciki ba."

Hafsan ya dubi takardun ya dube ni. "Baba, me take nufi?"

Na juya wajenta. Ita ta amsa.

"Ubana ya tambaya me ƙasa ta ba mu, aka ce karatu. To ga shi na maido. Ku ba ni yaron nan. Ko da rauni ne ku ba ni, na iya jinya. In kuma ƙashi ne, ina da wurin sa shi."

Mutumin ya miƙe. Ya tattara takardun da hannu biyu, ya daidaita gefensu, ya mayar cikin ledar ya miƙa mata.

"Inna, da yana hannuna da ba ki kawo komai ba ma na ba ki. Wallahi ba ya hannuna."

"To hannun wa yake?"

"Ban sani ba, Inna."

Ya raka mu har bakin ƙofa. A filin barikin akwai tuta a kan dogon ƙarfe, sabuwa fil. Ta ɗan tsaya ta dube ta, ta ce mini igiyar tasu ta yi sako-sako. Muka hau mota muka nufo Minjibir. Ni kuma ina da maganar da ya kamata in faɗa tun a gaban teburin nan, na haɗiye ta. Na ce wa kaina ba ranar ba ce.

Dorathy ta zauna. Iyayenta sun zo ɗaukarta sau biyu ta ƙi. Tare suke noma, tare suke dafa kalwa, har baƙo yakan ɗauka 'yar cikinta ce. Jemima takan ce mata ta riƙa share ɗakin da kyau, soja ba ya son ƙazanta, ita kuma takan ce, "Inna, naki ɗan da ke jefa takalmi a kan gado?" Haka shekara takwas ta wuce. Ta shigo gidan tana da ashirin da ɗaya, ta kusa talatin ba ɗa ba miji.

A 2023 wani magini daga Rijiyar Zaki, wanda matarsa ta rasu, ya nemi aurenta ta hannun ubanta. Mutumin kirki ne, an bincika. Fasto ya ce ba zai ɗaura aure ba sai an rubuta rasuwar Levi a littafin ikilisiya, wato na cocinmu, ba kuma zai sa a rubuta ba sai da bakin uwarsa. Dorathy ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta tambaya ba, ko da za ta tsufa a ɗakin. Tun da na bar aikin koyarwa ni ke riƙe da littafin ikilisiya, na haihuwa da aure da rasuwa. Saboda haka, da kuma don na koyar da ita, aka ce ni zan je.

Na same ta da hantsi bayan kaka, a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Dorathy ta tafi rijiya. Ta ba ni kujerar tsugunno, ta tura mini gyaɗa a faifai.

"Malam, tun da ka zo sai ka yi aiki. A gidan nan ba a zaman banza, ko hedimasta ne."

Na ɓare kamar guda goma kafin na fara. Ban fara da maganar Dorathy ba. Na gaya mata labarin ƙamus, da layi na biyu da ban karanta ba, da ranar da na gano, da abin da ya sa na yi shiru. Na ce kalmar ba jingina take nufi ba, alkawari take nufi. Na ce shekara arba'in da bakwai ina riƙe da wannan, na kuma bar ta ta kai takardunta bariki ina kallo. Na roƙe ta gafara.

Hannunta bai tsaya ba.

"Na sani, Malam."

"Kin sani?"

"Yaron nan ya gaya mini tun yana aji biyu a sakandare. Ya zo hutu da ƙamus ɗinsa yana ta dariya, wai Malam Mika ya yi wa unguwa guda fassarar gona. Na ce ya rufe mini baki, kada in ji a waje, malaminsa ne."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna.

"Ranar tasha ma ya sani, na sani. Ya faɗa ne don in bar shi ya hau mota." Ta zuba ɓawon a ƙasa, ta ɗebo wata. "Taka fassarar ta fi, Malam. Alkawari in ka cika shi ke nan, ba a mayar maka da komai. Ni kuwa ina bukatar wadda ake mayarwa. Da me kake so in tashi da safe?"

"To bariki fa?"

"Na ce ko Allah zai sa su ma ba su karanta layi na biyu ba."

Ta yi 'yar dariya, sannan ta sa gefen zane ta danne idanunta, ta daɗe a haka. Tun da takardar soja ta zo ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Da ta sauke zanen ta ce ta san ba don ƙamus kaɗai na zo ba. Ta ga maginin sau biyu a coci, ta ga kuma yadda yarinyar take sunkuyar da kai in ya wuce.

"Ni na yarda na ba da nawa," in ji ta. "Ita fa? Ba a karɓi komai a kanta ba, ga shi na riƙe 'yar mutane shekara takwas. Tana yi mini noma, tana yi mini dariya don kada in ji kunya." Ta karkaɗe zanenta. "Amma in na ce a rubuta, ni na kashe shi. Ba wanda ya ga gawa. Bakina ne zai zama kabarin."

Na ce ba zan matsa mata ba. Ta ce ta sani, in tafi da gyaɗar da na ɓare, ladan aikina ne.

Lahadi ta farko ba ta ce komai ba. Ta biyu ma haka. A ta uku, ranar goma ga Disamba, bayan an tashi sujada mutane sun watse, ina ɗan ɗakin da ke bayan coci ina mayar da littattafai cikin akwati, sai ga ta a bakin ƙofa. Tana riƙe da hannun Dorathy kamar mai kai yarinya makaranta. Fasto yana bayansu.

"Malam, buɗe littafin."

Na buɗe wajen rasuwa. Dorathy ta fara kuka tana cewa, "Inna, a bari, ni ban ce ba." Jemima ta ce mata ta yi shiru, manya na magana. Na ce sai an faɗi sunan mamaci. Ta ce na san sunan, ni na rubuta shi a rajistar aji ɗaya. Na rubuta. Na rubuta sunan uba da na uwa, da shekarar haihuwa. Gurbin wurin binnewa na ja masa layi. Saura gurbin ranar rasuwa.

Na ce takardar soja ta ambaci ranar da aka kai harin, ko in sa ita.

"A'a. Kamilu ya gan shi a tsaye ranar, da mutum a bayansa."

"To wace rana zan sa, Jemima?"

Ta dubi shafin, ta bi layin da ido tun daga sunan har gurbin da ya rage, domin ta iya karatu. Ba ta saki hannun Dorathy ba.

"Sa yau," ta ce.